Ruwan Inabi Kafin Ya Juya

Daga tsakiyar watan Satumba har zuwa cikin Oktoba, ƙauyukan da ke kewaye da Modena warin inabi suke yi. Taraktoci na jan tireloli shaƙe da baƙin inabi zuwa matatsa, ruwansa na ɗiga a kwalta, ƙudan zuma na biye. Nan ne gidan Lambrusco, jar giya mai kumfa wadda kwalbarta a babban kanti ba ta cika wuce yuro huɗu ko biyar ba. Ba ta masu kuɗi ba ce. Makanike da malamin makaranta da tsohuwa mai fansho, ita suke ajiyewa a tsakiyar teburi kamar yadda ake ajiye butar shayi a wajenmu.

Mu kuwa ba ma sha. Aikin rubuta manhajar kwamfuta ne ya kawo mu, manhajar da ke sarrafa injinan masana'antar tayil da ke can wajen Sassuolo, kuma shekara huɗu ke nan muna ɗaga hannu muna cewa mun gode duk lokacin da kwalba ta zagayo. Babu wanda ya taɓa matsa mana. Sai dai akwai abin da mutum yake rasawa ko da ba a hana shi ba. A wannan ƙasa rabin hirar cin abinci a kan abin da ke cikin kofi ake yin ta: na wane tudu ne, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, na kakan wa ya fi. Wanda ke riƙe da kofin ruwa sauraro kawai yake yi. Kuma a cikin irin wannan hirar ne ake sanin juna, daga nan a zarce zuwa maganar wanda za a ba jagorancin sabon aiki.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda 'yarmu ke kira Nonna, ita ta nuna mana cewa inabin nan yana da wata rayuwa kafin ya zama giya. Ruwan da aka tatsa, wanda bai fara tsima ba, suna ce masa mosto. A wannan lokaci na shekara ana sayar da shi a jarka a gonaki, ana kuma samun wanda aka dafa aka rufe a kwalba a kantuna, lita ɗaya kuɗin kofi biyu ko uku. Launinsa ya fi na zoɓo duhu, kusan baƙi, yana rina harshe da haƙora, in ya taɓa farar riga kuwa sai dai haƙuri.

Ranar farko da muka kurɓa, zaƙi ne ya fara dukanmu, zaƙi mai nauyi irin na rake. Bayansa tsami ya taso, ba mai kaifi kamar na tsamiya ba, ya fi kusa da na zoɓon da bai ji ruwa da yawa ba. Can a ƙarshe, bayan mun haɗiye, sai baki ya ɗaure, dasashi ya bushe. Abokan aikinmu suna da doguwar magana a kan wannan, da sunan sinadarin da ke kawo shi, wanda ke cikin ɓawo da ƙwallon inabi. Mu kalma ɗaya gare mu: bauri. Duk wanda ya taɓa tauna goro ya san shi. Dangin sinadarin nan ne kuma ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, wato abin da yake yi wa fatar akuya shi ne yake ɗan yi wa harshe. Da muka faɗa wa wani abokin aiki haka, ya ajiye cokali ya ce a maimaita masa kalmar. Har yau in ya kurɓi nasa sai ya dube mu ya ce bauri, da lafazinsa na Bature.

Daga nan muka gane cewa Lambrusco ba inabi ɗaya ba ne, dangi ne. Sorbara launinsa bai da duhu, tsaminsa ya fi yawa. Grasparossa, na tuddan Castelvetro, baƙi ne mai bauri sosai. Salamino an sa masa sunan ne saboda nonon inabinsa siriri ne dogo kamar tsiran naman da suke ratayewa. Tun 1970 hukuma ta yi wa waɗannan uku rajistar asali, ta iyakance inda za a noma su. Akwai kuma Ancellotta, na wajen Reggio Emilia, wanda ake nema saboda tsananin launinsa. Duk wannan bambanci yana nan cikin ruwan tun kafin ya juya, sai dai zaƙi yana ɗan rufe shi, mutum sai ya nutsu. Yanzu in an fara gardamar tudu da kwari a teburi muna da bakin magana, kuma mu 'yan Grasparossa ne.

Wahalar mosto ita ce ba ya jira. A jikin ɓawon inabi akwai yis na halitta, kuma tun daga lokacin da aka tatsa ya fara cin sukarin yana mayar da shi barasa. In da ɗumi, kwana ɗaya ko biyu sun isa a ga ƙananan kumfa na tasowa, jarka ta fara kumbura, a ji ɗan cizo a harshe. Babu wanda ya ƙara masa komai. Barinsa kawai aka yi. A wajen aiki mun saba da manhajar da ke tashi da kanta ta ci gaba da gudu sai an kashe ta, to wannan ma haka ne, kuma wuta ce makashinsa. Saboda haka in za mu saya a gona, da safe muke zuwa, mu tambayi lokacin da aka tatsa, mu kuma ɗora tukunya kafin la'asar. Manomin da muke saya wajensa ya riga ya san mu. Da ya hango mu sai ya nuna agogonsa yana dariya.

Abu biyu Nonna ta koya mana. Na farko sughi. Ana dama fulawa kamar giram ɗari a lita ɗaya ta mosto, a fara da ɗan ruwan kaɗan don kada ya yi gudaji, sannan a ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba tsayawa. Duk wanda ya taɓa yin talge ya iya. In ya yi kauri yana sheƙi sai a zuba a ƙananan kwanuka, ya huce ya kama jikinsa. Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, cikin 'yan Gana masu yawa da ke zaune a wannan yanki, ta ɗanɗana ta ce, “Ai wannan agidi ne ya sa lalle.” Nonna ta ce a zamaninta akan bar shi a ɗaki mai sanyi har ya yi funfuna a sama, a kankare a ci na ƙasa, wai ya fi daɗi. Wannan kam mun bar mata.

Na biyu saba, kuma shi ne ya fi kama mana zuciya. Mosto ne zalla, ba fulawa ba sukari, a bar shi a wuta yana tafasa a hankali wuni guda, ana kwashe kumfa, har sai ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku. Lita biyar ba ta ba mu fiye da lita ɗaya da rabi da 'yan kai. Abin da ya rage baƙi ne mai danƙo kamar maɗi, da ɗan ƙamshin ƙauri, kuma yana shekara a kwalba. Tun zamanin Rumawa ake yin sa. Kafin sukari ya yi araha shi ne zaƙin talakan wannan yanki, ana zuba shi a kan tuwon masararsu, a kan cuku, yara ma su ɗebo dusar ƙanƙara a kofi su ɗiga shi a kai. Daga irin wannan dafaffen ruwa ne kuma ake yin shahararren khal ɗin nan na Modena, na gargajiya, wanda ke kwana aƙalla shekara 12 a gangunan katako, ƙaramar kwalbarsa ta mililita 100 ta haura yuro hamsin. Wancan na ranar biki ne. Saba na kowa ne.

Muna cikin juya tukunya a kaka ta biyu ne wannan kashi ɗaya cikin uku ya tuna mana da karatun zaure. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a babin abubuwan sha, akwai labarin zuwan Sayyidina Umar ƙasar Sham. Mutanen can suka kawo masa kukan nauyin ƙasarsu da cututtukanta, aka dafa musu abin shansu har kashi biyu cikin uku suka ƙone, ya tsoma yatsa ya ɗago ya ga yana danƙo, ya kwatanta shi da kwaltar da ake shafa wa raƙuma, ya yarda su sha. Mun karanta wannan tun muna yara ba tare da mun taɓa ganin kurangar inabi ba. Sai ga shi a murhunmu, a hawa na uku, a hannun tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan littafin ba. Muka tsoma yatsa mu ma. Ya yi danƙo.

'Yarmu shekararta shida, Italiyancinta ya fi namu, kuma a bara an kai ajinsu gona sun tsinki inabi sun tattaka da ƙafa. Ta dawo da tambaya: “Abba, me ya sa na Nonna muna ci, na kwalba ba ma sha, alhali inabi ɗaya ne?” Ba mu so mu ce mata abin da garin nan ke alfahari da shi ƙazanta ne, don kakannin ƙawayenta ne ke yin sa, kuma a cikinsu za ta girma. Ba mu kuma so ta ɗauka cewa iyakar wasa ce. Sai muka zuba mosto kaɗan a kwalba biyu, muka dafa ɗaya, muka ɗaura wa kowacce balan-balan a baki, muka ajiye a taga. Kwana biyu balan-balan ɗin ɗanyen ya miƙe tsaye, na dafaffen yana kwance. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta zubar da kanta. Ta yarda a yanzu, amma mun san tambayar za ta dawo da wata fuska in ta kai shekara goma sha shida, a teburin da ba ma zaune.

A bana mun kai kwanuka goma sha biyu na sughi ofis ranar da aka kammala wani babban aiki. Shugaban sashenmu, ɗan Castelvetro, ya ci biyu a tsaye, ya ce fulawa ta ɗan yi yawa, na mahaifiyarsa ya fi laushi. Muka ce ya kawo nata a gwada. Ya ce sai baɗi, tatsar bana ta ƙare.