Da Sikeli Zuwa Liba

Tun kafin motarmu ta shiga Aliero hanci ya riga ido sanin inda muka iso. Watan Maris ne, an fara cirar albasa, buhuna jajaye jere a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, manyan motoci na lodin Legas da Anacha. Garin nan ya yi suna a abu biyu, albasa da masu ɗorin karaya, sai a 2006 gwamnatin Muhammadu Adamu Aliero ta ƙara masa na uku, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi.

A ƙofarta ɗan yayata yake jirana. Yana ajin ƙarshe a fannin tattalin arzikin noma, kuma malaminsa ya ɗora masa aikin gano yawan albasar da manomi ke asara tsakanin girbi da sayarwa. Kayan aikinsa littafi ne da sikelin rataye. Na yi dariyar sikelin, daga baya na janye dariyata.

Jega muka wuce a gurguje, duk da cewa nan jami'ar take da gonar gwajinta a fadama, kusa da Gulbin Zamfara. Jega tsohuwar kasuwa ce da fataken goro suka sani tun zamanin tafiya Gwanja. Muka ɗauki hanyar Yawuri zuwa Maiyama, daga can ɗan kabu-kabu ya kai mu Liba da ƙura har cikin kunne.

Dattijon da ya sauke mu bai bar yaron ya buɗe littafi ba sai da muka sha fura. Sannan ya ja mu bayan gida inda rudunsa yake: dandamalin itace an ɗaga shi daga ƙasa, an shimfiɗa kara, an yi masa jinka don iska ta ratsa. Nan duk maganar take. A lokacin cira kowa na da albasa, kasuwa ta cika, dillali ke yanka farashi. Wanda ya iya riƙe tasa har damina ta wuce zai sayar da ita ninkin-ba-ninkin. Amma albasa ruwa ce a cikin ɓawo. Zafin bazara ya tsotse ta, laimar damina ta sa wata ta ruɓe, wata ta tsiro. Kuma mai bashin taki da na man injin ban ruwa ba ya jiran farashi ya tashi.

"Baba, buhu nawa kake zubarwa a shekara?" in ji yaron.

Dattijon ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, shi dai yana tsince ruɓaɓɓu duk bayan kwanaki don kada su ɓata 'yan'uwansu. Sai ya ƙara da abin da ba ya cikin littafin: wadda aka ɗura wa takin zamani da yawa, ko aka shayar har dab da cira, ta fi girma da kyan gani, amma ita ce ba ta ajiyuwa. Na ga yaron ya rubuta wannan a gefen shafi, don tambayoyin da aka tsara masa ba su bar masa gurbi ba.

A ganina nan ne jami'ar da ke zaune a tsakiyar gonaki za ta yi rana. Manoman Kebbi ba sa neman wanda zai koya musu noma. Ko shirin bashin shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 yawan abin da aka noma ya fi dubawa. Kuɗin albasa kuwa a watannin ajiya yake ɓacewa, inda ba mai aunawa.

Kafin la'asar yaron ya auna tsibi uku, ya ɗaura musu tsumma ja, ya ce zai riƙa dawowa duk wata yana sake aunawa. Dattijon ya yarda, da sharaɗi ɗaya: in farashi ya yi kyau kafin nan, da tsumman duka zai sayar.