Tuwon Dare Da Barcin Inna

Sa'ad da mahaifiyata ta ba shekara 50 baya, sai halinta ya sake. Macen da aka sani da fara'a, wadda ko yaro ya fasa mata tulu ba ta ɗaga murya, ta koma mai faɗa, har jikoki suka daina shiga ɗakinta. Waɗansu suka ce tsufa ne, waɗansu suka ce sammu ne. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, na ɗauka matata ce ba ta so.

Ashe matar tawa ce za ta gano bakin zaren. Wata rana ta ce da ni, "Malam, Inna fa ba ta barci. Ina jin ƙarar ƙyaurenta, kowane dare sai ta kewaya sau biyar ko shida, in ta komo kuma ta sha ruwa moɗa guda." Kashegari muka tafi asibiti tun ba ta karya kumallo ba, aka auna jininta. Likita ya ce in awon mai azumin dare ya kai 126, aka maimaita wata rana aka sami haka, to, ciwon sukari ne. Na Inna ya haura 200.

Sa'an nan ya tambaye ta, "Hajiya, me ki ke ci da dare?" Ta ce tuwon shinkafa malmala biyu, ta bi da shayi mai sukari cokali uku, ta ɓantari goro. Nan kunya ta rufe ni, gama ni ne mai kai mata buhun shinkafa da kwalin sukari da lemon kwalba kowane ƙarshen wata, ina tsammani biyayya na ke yi.

Ga yadda ya warware mana al'amarin. Tuwo da shinkafa da burodi, in sun shiga ciki, sukari su ke zama. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, ana kiransa insulin, shi ne mabuɗin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Ga mai wannan ciwo mabuɗin ya yi rauni, sai sukari ya taru a jini. In ya wuce kimanin 180, ƙoda ta kan zubar da shi cikin fitsari, ya ja ruwa tare da shi. Abin da ke tā da Inna ke nan. Goro da shayi kuma suna da abin da ke korar barci, ƙarfinsa ya kan yi sa'o'i da yawa a jiki. Wanda bai yi barci ba kuwa, da safe sukarinsa ya kan ƙi sauka, yunwa ta dame shi, zuciyarsa ta yi kusa.

Da ya zo kan zuciya, sai ya sassauta murya. Ya ce mace, muddin tana al'ada, ciwon zuciya bai cika kama ta kamar namiji ba, amma sukari ya kan rushe wannan katanga, domin yana ɓata hanyoyin jini a hankali, gishiri kuma ya ƙara da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Inna ta yi shiru. Na san yayarta ta tuna, wadda ta faɗi a bakin murhu ba ta sake tashi ba.

Da muka komo gida, matata ta ce ba za a ware wa Inna tukunya ba, kada ta ga kamar an hore ta. Aka sake girkin gidan duka. Rabin akushi ganye, zogale ko rama ko alayyafo; rubu'i tuwon dawa ko gero; rubu'i wake ko kifi. Daddawa ta koma miya, aka rage gishiri da mai. Ana cin abinci da magariba, goro kuma daga azahar an sallame shi. Lemon kwalba, wanda ƙaramarsa ke ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9, na daina saye. Amma ba a bar ta da yunwa ba, gama likita ya gargaɗe mu, mai shan magani in ya kwana bai ci kome ba, sukari ya kan faɗi ƙwarai, ya farka da gumi da makyarkyata.

Da fari Inna ta yi gunaguni, ta ce an mai da ita akuya. Bayan wata biyu, da abincin da maganin da ɗan tattaki bayan la'asar, ta koma tashi sau ɗaya. Ran nan na tarar da jikoki sun kewaye ta tana yi musu tatsuniya.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku ce halin uwa ko mata ya ɓaci, ku tambayi yadda ta kwana, ku duba abin da ke cikin akushinta, ku kai ta a auna ta. Allah ya ba mu lafiya, amin.