A Tsefe Lissafi Kafin A Yi Masa Kitso

Na san kun saba da ni a fagen labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, to yau maganar lissafi na zo da ita, don Allah kada kowa ya gudu. Dalili kuwa shi ne 'yata ta fari tana shirin jarrabawar JAMB, injiniya take son zama, ga shi ba ni da kuɗin malamin lesin. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma lissafin da aka koya mana bai gudu duka ba, shi ya sa kullum bayan isha'i nake ajiye rubutuna mu zauna tare.

Inda ya fi ba ta wuya shi ne abin da ɗalibai ke kira difaranshiyeshan, wato gano saurin da abu yake canzawa, musamman idan aka haɗa shi da lissafin kusurwa, su sin da cos da tan. Asalin dokar gajeriya ce: sin x yana komawa cos x, shi kuma cos x ya koma −sin x, muddin da radiyan aka auna kusurwar. Sai dai masu shirya tambaya kan cukuikuye abin, su kawo shi kamar kan da ya yi wata biyu ba a taje ba. Kowace mace kuwa ta san ba a ɗora sabon kitso sai an tsefe tsohon.

Alal misali, a ba ka (1 − cos²x) bisa sin x. Mai gaggawa zai ɗauko dokar rabawa, ya cika rabin shafi, a hanya alamar ɗebewa ɗaya ta sulluɓe masa, shi ke nan amsa ta lalace. Mai natsuwa kuwa zai tuna cewa sin²x + cos²x = 1, don haka na sama sin²x ne ya yi shigar burtu. Sin x ɗaya ya cinye ɗaya, saura sin x, amsa cos x. Layi biyu kacal. Sai dai a kula, ba a raba abu da sifili, saboda haka wannan amsa ba ta aiki a inda sin x ya zama sifili, kamar digiri 0 da 180.

Haka ma (sin x + cos x)². Idan aka buɗe shi, 1 + 2 sin x cos x ne, wato 1 + sin 2x. Lamba 1 ba ta canzawa, don haka ta faɗi, 2 ɗin da ke ciki ya fito waje, a sami 2 cos 2x. Shi tan x kuwa sai an bi ta dokar rabawa, tsifar tasa a ƙarshe take zuwa: sama ya zama cos²x + sin²x, wato 1, amsa 1 bisa cos²x.

Wannan tsifa ita ce aljabara, sunan da ya samo asali daga littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Shi sin kuwa Larabawa jaib suke ce masa, kalmar da ta haifi aljihu a bakinmu. Su dokokin ninkawa da rabawa Bajamushe Leibniz ne ya buga su a 1684. Na gaya wa yarinyar haka ne don ta san kayan ba baƙi ba ne ƙwarai a wajenmu.

Mu marubuta mun san wannan darasi ta wata hanyar. Mai maɗaba'a da shafi yake yi mana kuɗi, don haka kafin in kai littafi sai na zauna na cire duk wata ƙawar amarya da ba ta da aikin yi a labarin. A ɗakin jarrabawa minti shi ne kuɗin, wanda ya ɓarnatar da shi a tambaya ɗaya zai tashi ya bar goma bai taɓa ba, daga nan kuma sai zaman gida na shekara guda.

Shawarata ga ɗalibai, kafin ku ɗora biro ku tsaya ku dubi tambayar da kyau, ku ga me zai cinye me. Iyaye kuma ku riƙa zama kusa da su ko da ba ku gane x ɗin ba, zaman ma taimako ne. Allah Ya ba yaranmu sa'a, amin.