Ashe Ban Taɓa Ganin Butarmu Ba!

Wallahi har yanzu zuciyata bugawa take yi! Jiya bayan la'asar na zana butar alwalarmu, na bar takardar a kan tabarma, Inna ta zo wucewa ta tsaya cak. "Kai, wannan ai butata ce, har da lotsawar gindinta!" Ni da na shekara 31 ina cewa zane baiwa ce, kuma ranar rabonta ba na nan.

Mako shida ke nan ina zuwa ajin da wani dattijo yake yi duk Asabar a wani shago a nan Nasarawa. A da shi ke zana adon atamfa a masaƙun Kakuri, kafin injunan su yi shiru. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: fensir HB da 2B da 6B, kilina, reza, sai takarda.

Makon farko layi kawai muka yi ta ja, daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba. Na biyu, da'ira da akwati. Na fara ƙosawa. Sai a mako na uku Malam ya miƙo mini hoton kujera, ya juya shi ƙafafu sama, ya ce, "Kwafa haka, kada ka daidaita shi." Dabara ce da Betty Edwards, wata malamar zane a Amurka, ta yaɗa a littafinta na 1979. Tunda ban iya ganin kujera ba, dole na bi layi da lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Da na juyo takardar, sai ga kujera tsaf! Na yi ta kallonta kamar wani ne ya zana.

A nan na gane ciwona. Kaina ya san bakin kofi da'ira ne, sai hannu ya zana da'ira, alhali ido yana ganin ƙwai ne a kwance. "Ɗana, rabu da abin da ka sani, dubi abin da ke gabanka," in ji Malam. Ya koya mini in miƙe hannu, in rufe ido ɗaya, in auna tsawon buta da fensir, in ga sau nawa faɗinta zai shiga ciki. Ya ce kar in zana mariƙin, in zana kafar da ke tsakaninsa da cikin butar. Mariƙi ya fito da kansa! Sai inuwa: ashe a can bakin duhun akwai ɗan hasken da ƙasa ke maido wa buta, kuma shi ke sa ta yi ciki a kan takarda.

Buta, ƙwarya, faifai, tulu, su muke zanawa, kuma ina ganin Malam ya yi gaskiya. Yana yawan tuna mana ɗaliban Zariya na 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka koyi dabarun Turawa amma suka dage sai sun zana abin gida.

Yau da safe, ina cikin Keke Napep a kan gadar kogin Kaduna, na tsinci kaina na rufe ido ɗaya ina auna kwalekwale da biro. Asabar mai zuwa Malam zai kai mu layin dogo, mu ga yadda ƙarafa biyu ke haɗewa a nesa. Tun daren jiya na fiƙe fensirorina.