Hamdara: rana a waje, inuwa a ɗaka

Wanda ya bar birnin Damagaram ya nufi gabas, in ya wuce Mirya da kukokinta, sai ya shiga ƙasar Hamdara, ƙaramar hukuma a gundumar Mirya. Ƙasa ce ta gero da wake, inda rana ke duka tun hantsi har la'asar. Mai karatu zai ce duk abin da aka rasa a nan, ba za a rasa rana ba. A gona haka ne. A ɗakin mai jego kuwa, labari ya sha bamban.

Sinadarin da likitoci ke kira bitamin D, fatar mutum ce ke yin sa idan hasken rana ya taɓa ta, kuma shi ke sa hanji ya tsotsi alli daga abinci ya kai wa ƙashi. Baƙar fata na bukatar rana fiye da fara kafin ta yi shi. To, mai jego takan yi kwana 40 tana wanka a cikin gida, jinjiri na lulluɓe a ɗaka don gudun iska da baki, in an fita kuma yana goye, zane ya rufe shi har ka. Nonon uwa, duk da babu abin da ya kai shi ga jariri, bitamin D kaɗan ne a cikinsa, balle in uwar ma ba ta da shi. Alamu sai daga baya: maɗiga ta ƙi rufewa, tafiya ta yi jinkiri, ƙafafu su gwame, a ce gado ne ko aikin iska.

Amma laifin ba na inuwa kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a Jos, a Nijeriya, aka buga a 1999, ya nuna yara masu lanƙwasar ƙashi sun fi warkewa da alli, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, bisa ga bitamin D shi kaɗai. Yaron da aka yaye da kunun gero zalla yana cikin wannan haɗari, don dusar gero na riƙe alli. Abin takaici, ƙwai da nonon shanu kasuwa ake kai su, alhali gwaiduwa na da bitamin D, nono da miyar kuka kuma na da alli.

Alhazai da ma'aikatan birni kada su ɗauka zancen ƙauye ne. Matar manomi tana zuwa rijiya da gona, rana na ganin ta. Wadda ke cikin kulle a gidan siminti a Zango ko Birni, sai ta yi mako rana ba ta taɓa ta ba.