Hasumiyar Simit a Bakin Tekun Kef Kos

Duk wanda ya tashi daga Alabar ya bi hanyar Asin Fosu har Kef Kos, garin da Fantawa ke kira Oguwa, yakan zarce babban gidan bayi da ke bakin ruwa. Mu kam shawararmu ita ce a ɗaga kai a dubi tudu. Can akwai wata farar hasumiya mai kewaye, wadda dominmu mutanen Kumasi aka gina ta.

Mai ginin shi ne Gwamna Jon Hop Simit, shugaban kamfanin 'yan kasuwar Ingila a wannan gaɓa. A 1817 ya aika tawaga wurin Sarkin Asante Osei Bonsu, cikinta har da ɗan ɗan'uwansa Bodic, wanda ya tarar da malamai Musulmi suna da faɗa a fada. Zumuncin bai yi ƙarko ba. A 1820 wakilin Ingila, Dufi, ya ƙulla sabuwar yarjejeniya a Kumasi, Simit ya ƙi amincewa da ita. A shekarar ce ya tayar da hasumiyar, don masu gadi su hango rundunar Asante tun daga nesa, su yi wa babban gida ishara. A ganinmu, da ya riƙe alkawari, da ya huta da ɗaukar duwatsu zuwa kan tudu. Bai ma daɗe da ita ba: gwamnatin Ingila ta rushe kamfanin a 1821. Daga baya Gwamna Makilin ya sake ginin, aka sa masa suna Fort William, aka ɗora masa fitilar jagorar jirage. Tun 1979 yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Abin mamaki, a daidai lokacin shi ma Osei Bonsu yana nasa ginin. Ya ɗauko magina daga bakin teku, suka gina masa gidan dutse irin na Turawa, Aban, wanda aka kammala a 1822, ya cika shi da kayan alfarma da littattafai. Sojan Wolsili suka tarwatsa shi a 1874. Ana cewa duwatsunsa sun shiga ginin gidan soja na Adum, wanda yanzu gidan tarihin soja ne, ga shi nan kusa da mu, amma yaranmu da yawa ba su taɓa leƙa shi ba.