Giyar da ta riƙe baitulmalin Rasha

1/ Malaminmu na tarihi ya ba mu aiki kan rushewar Tarayyar Sobiyet. Na zata labarin tankokin yaƙi zan tarar, sai ga ni ƙarfe biyu na dare ina karatun vodka. Ni da ko warinta ban sani ba. Ku biyo ni.

2/ Sunan daga "voda" ya fito, wato ruwa da Rashanci. Giya ce fara tas, galibi da hatsi ko dankali ake yin ta. A 1894 ministan kuɗi Sergei Witte ya fara mayar da cinikinta hannun gwamnati kaɗai.

3/ Kafin yaƙin duniya na ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar daular daga kwalbar nan yake fitowa. Talaka ya bugu, baitulmali ya cika.

4/ A 1914 Sarki Nicholas na biyu ya hana sayar da ita don sojoji su natsu. Sai ya shiga yaƙi da aljihu a huje. A 1925 gwamnatin Sobiyet ta dawo da cinikin, don tana neman kuɗin gina masana'antu.

5/ A 1985 Gorbachev ya sake gwadawa: ba sayarwa sai daga ƙarfe 2 na rana zuwa 7 na yamma, kuma sai mai shekara 21. Mutuwar maza ta ragu, wannan gaskiya ne.

6/ Amma mutane suka koma dafa tasu a gida, har sukari ya yi wahala a kantuna. Kasafin kuɗi ya samu giɓi, jama'a suka tsane shi. Zuwa 1988 an sassauta.

7/ Nan jikina ya yi sanyi, wallahi. Na tuna gardamarmu a hostel: Hisbah na farfasa kwalaben giya a Kano, amma harajin VAT, har da na giyar, ana raba shi da jihohinmu. Da, kare kanmu kawai nake yi in an tayar da zancen. Yanzu na daina saurin amsawa.

8/ Gwamnatin da ta saba cin kuɗin abin da ke kashe mutanenta, ita ma ta kamu. Kafin mu ce a hana abu, mu fara tambaya: da me za a cike gurbin kuɗin? Rasha sau biyu ta hana ba ta da amsa.

9/ Aikin dai jibi zan miƙa, kuma ban rubuta ko layi ɗaya kan tankoki ba. Ku taya ni da addu'a.